Sharhin Fim: 'Casino' da Ƙarshen Tony Spilotro

Mai karatu, in ka taɓa kallon Casino, fim ɗin darakta Martin Scorsese na 1995, na san ba ka manta da Nicky Santoro ba, gajeren nan mai zafin kai wanda Joe Pesci ya fito a matsayinsa. To, Nicky ba ƙagaggen mutum ba ne. Anthony Spilotro ne aka sauya wa suna, jinin Italiya haifaffen Shikago a 1938. A 1971 manyan 'yan mafiyan garinsu suka tura shi Las Vegas don ya sa ido kan kuɗin da ake zare musu a ɓoye daga gidajen caca. Gogan naka sai ya zaƙe, ya kafa gungun ɓarayi masu fasa bango su shiga shaguna, har ya jawo wa iyayen gidansa idon hukuma.

A ƙarshen fim an nuna yadda aka rufe shi da ƙanensa da duka da kulake a gonar masara, aka binne su da sauran numfashi. Gaskiya ne a wata gonar masara ta jihar Indiyana aka tono gawarwakinsu a watan Yuni 1986, amma ba nan aka kashe su ba. A wata shari'a da aka yi a 2007, Nicholas Calabrese, wanda da shi aka yi aika-aikar, ya shaida wa kotu cewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida a wajen Shikago aka gama da su, bayan an yaudare su da batun ƙarin girma.

To, Scorsese ya yi ƙarya kenan? Ni dai a ganina ko da ya kuskure wurin, darasin bai kuskure ba. Kusan awa uku muryar Nicky na ba mu labari, muna dariya, har muna jin ya burge mu. Yana tsakiyar magana kulki ya sauka, muryar ta yanke, kuma a hannun amininsa kulkin yake.

Inda na ga baiken fim ɗin shi ne, ya daɗe yana ƙawata Nicky, har wasu samari kan ɗauke shi gwarzo. In kana cikinsu, don Allah ka koma ka kalli mintocin ƙarshe, kuma kada ka kau da kai.