Lissafin siffar gini bai san inda ƙofa take ba

Duk wanda ya kalli birni a hoton tauraron ɗan'adam zai gan shi a yanke gunduwa-gunduwa: tituna sun kewaye wani fili, gine-gine sun cika cikinsa. Mutanen Basalona suna kiran irin wannan yanki "illa", wato tsibiri, to mu ma bari mu ara, mu ce tsibirin gini. Girmansu ya bambanta ƙwarai. A tsakiyar birnin Portland na Amurka kowane gefe bai wuce mita 61 ba, a unguwar Eixample ta Basalona mita 113 ne, a Brasiliya, babban birnin Barazil, ya kai kusan mita 280. Masu tsara birane sun daɗe suna neman hanyar jera waɗannan tsibirai aji-aji, domin idan an san ajin wuri, sai a san dokar da ta dace da shi.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka yi suna ita ce ta littafin Spacematrix, wanda Meta Berghauser Pont da Per Haupt suka wallafa a 2010, bayan bincikensu a Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan. Sun lura cewa ma'aunin da aka saba amfani da shi, FSI, wato jimillar faɗin dukkan hawa-hawan gini a raba da faɗin fili, yana iya ruɗar mutum. Ɗauki fili mai faɗin hekta ɗaya. Idan ka shimfiɗa gini hawa ɗaya ya rufe shi duka, FSI ɗinka 1 ne. Idan ka gina hawa 4 a kan kwata, 1 ne. Idan ka miƙa hawa 10 a kan kashi ɗaya cikin goma, nan ma 1 ne. Lamba ɗaya, amma unguwanni uku da ba su yi kama da juna ba. Sai suka haɗa shi da GSI, wato kason ƙasar da gini ya taka, da matsakaicin yawan hawa, da yawan filin sarari. A kan jadawali ɗaya, kowane irin tsibiri sai ya faɗa a kusurwarsa.

Wannan aiki ne mai kyau, kuma yana kama abubuwa na gaske. Lokacin da Ildefons Cerdà ya zana Eixample a 1859, ya so a gina ɓangarori biyu na yawancin tsibiran, a bar lambu a tsaka. Masu filaye suka rufe dukkan ɓangarori huɗu, suka ƙara hawa, suka cinye tsakar gidan. Jadawalin Spacematrix zai nuna maka wannan cunkoso ƙarara. Haka ma idan tambayarka ta hasken rana ce, ko shigar iska, ko zafin da kankare ke riƙewa, siffar gini ce ke ba da amsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da aka ɗauki ajin a matsayin hukunci kan yadda mutane ke rayuwa a wurin. Kwatanta wurare biyu. A manyan tsibiran da Lúcio Costa ya tsara wa Brasiliya, dogayen gidaje ne masu hawa 6 da aka ɗora a kan ginshiƙai, ƙasansu a buɗe, kowa na iya ratsawa ta ƙarƙashi. A Beijing kuwa, da yawa daga cikin manyan rukunan gidaje su ma dogayen benaye ne a tsakiyar fili, amma katanga ta kewaye su, ƙofofi kaɗan, da masu gadi. Daga sama dangi ne. A ƙasa, ɗaya hanya ce ga mai tafiya da ƙafa, ɗayan kuma shinge ne da sai ya zagaye shi. Matsalar ta kai har a watan Fabrairun 2016 hukumomin ƙasar Sin suka ba da umarni a daina gina rukunan gidaje masu katanga, a riƙa buɗe na da sannu a hankali. Mazauna da yawa suka yi ca, domin a ganinsu sun sayi hanyoyin cikin da kuɗinsu.

Basalona ta nuna ɗaya fuskar. A 2016, bisa tunanin Salvador Rueda, an haɗa tsibirai 9 a unguwar Poblenou, uku-uku, aka mayar da motoci masu wucewa zuwa titunan gefe, na ciki kuma aka taƙaita gudunsu zuwa kilomita 10 a awa. Ba a rushe gida ko ɗaya ba. Ke nan FSI da GSI suna nan yadda suke, amma mahaɗar da motoci ke bi jiya ta zama wurin wasan yara. Wani bincike da Natalie Mueller da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa da za a yi irin wannan guda 503 a birnin, za a iya kauce wa mutuwar wuri ta mutum 667 duk shekara. Ƙiyasi ne na lissafi, ba ƙidayar gawa ba, amma ya isa ya nuna girman abin da ma'aunin gini bai gani.

A yi wa marubutan adalci: sun saka ma'aunin yawan tituna a kowane yanki. Sai dai layi a taswira ba ya faɗa maka ko akwai mai gadi a bakinsa, ko motoci ne suka mallake shi. Tun 1961 Jane Jacobs ta yi jayayya cewa amfanin gajeren tsibiri shi ne yawan kwanar da mai tafiya zai iya sha. Mutum take aunawa, ba bango ba.

Abin ya shafe mu fa, domin yanzu da hotunan sama ake yi wa biranen duniya aji. Tsohon birnin Kano, daga sama, tsibiri ne ƙato tsakanin titunan kwalta, cushe da gini. Alhali cikinsa lunguna ne da ke haɗa gida da masallaci da kasuwa, ba sai an fita titi ba. Rukunin gidaje mai katanga a Abuja kuwa zai fito da tsari mai kyau da wadatar fili. Idan da wannan aji za a yanke shawarar inda za a rushe a fasa titi, to an san wanda zai kwana a ciki.

Gyaran ba shi da tsada. Ga kowane tsibiri, a ƙidaya mashigan da kowa ke iya bi, sannan a auna tafiyar ƙafa daga gefe zuwa gefe, a kwatanta da miƙaƙƙen layi. Sai dai wannan ba a yin sa daga kan kwamfuta kaɗai, dole wani ya sa takalmi ya shiga unguwar.