3.4 Bishiyar da Aka Bari

A cikin Kalevala, kundin waƙoƙin gargajiyar Finland da Elias Lonnrot ya wallafa a 1835, gwarzo Vainamoinen ya sare daji don shuka sha'ir, amma ya bar bishiya guda domin tsuntsaye su sami masauki. Idan aka auna aikin fasahar Agnes Denes na 1996 a Ylojarvi da wannan hikaya, za a ga an juya ta: a ramin da haƙar tsakuwa ta lalata, aka tayar da tudu, mutum 11,000 suka dasa bishiya 11,000. Sai dai wannan nazari na ganin aikin bai kuɓuta daga mulkin ɗan'adam ba, domin bisa tsarin lissafi aka jera bishiyoyin. Ke nan daji ya dawo, amma bisa sharaɗin wanda ya kore shi.