Faya-fayan Jaz Biyar da Darasinsu ga Mai Nazarin Waƙar Baka

Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma a fagen kiɗa ji shi ne gani. Mun daɗe muna lura da cewa ɗalibanmu a nan Minna, idan aka ba su waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo su yi nazari, sai su kwashe baitocin su zuba a takarda, su fitar da jigo da salo, su bar kalangu da kotso a waje kamar ba da su aka yi waƙar ba. Laifin namu ne, domin haka muka koyar da su. Manufar wannan maƙala ita ce gabatar da faya-fayai biyar na kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Da yake galibinsu babu kalmomi, dole mai sauraro ya kasa kunne ga kiɗan kansa.

Faya-fayan

Na farko shi ne Kind of Blue na Miles Davis (1959). A kiɗan da ya buɗe faifan, mai babban goge, Paul Chambers, shi ke jefa jimla, sauran makaɗa su karɓa masa da sauti biyu kacal. Duk wanda ya san jagora da 'yan amshi zai gane wannan tsari nan take. Ƙarfin faifan yana cikin taƙaitawa, domin Davis ya san inda zai yi shiru.

Na biyu shi ne A Love Supreme na John Coltrane, wanda aka ɗauka a rana ɗaya cikin Disamba 1964, aka fitar a 1965. Kashi huɗu ne, kuma kashin farko ya ginu ne kan sauti huɗu da ake ta komawa gare su. Wannan shi ne abin da muke kira gindin waƙa: mabushi ya yi nisa yana ƙirƙira, sannan ya dawo gida. A ganinmu wannan faifai ya fi sauran nauyi, kuma ba ya buɗuwa ga mai gaggawa.

Na uku shi ne Eastern Sounds na Yusef Lateef (1961). A nan Lateef ya busa wani abin busa mai beli biyu, ɗan'uwan algaita, cikin natsuwar da ba mu saba ji daga algaitar fada ba. Darasin shi ne, abin busa ɗaya yana iya yin kirari, yana kuma iya yin makoki.

Na huɗu shi ne The African Beat na Art Blakey (1962), inda Solomon Ilori, Bayarabe, ya kaɗa gangarsu mai magana, Lateef kuma ya yi busa. Ba mu sa shi a sahun ukun farko ba, saboda a wasu wurare gangunan sun yi yawa har suna danne juna. Duk da haka ya cancanci ajiya, domin yana nuna yadda makaɗan Amurka suka nemi asalinsu da kunne.

Na biyar, wanda ya fi shafarmu, shi ne In Nigeria na Lateef ɗin dai. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali kan sarewar Fulani. A 1983 ya ɗauki wannan faifai a Legas tare da makaɗan ƙasar nan, aka fitar da shi a 1985. A cikinsa ganga ce ke jan gaba, busa na biye. Haka kuma shi da Ziky Kofoworola suka wallafa littafi kan wasanni da kiɗan Hausa a 1987. Lateef ya rasu a 2013, amma ɗalibanmu nawa ne suka taɓa jin sunansa?

Kammalawa

Akwai wani darasi a bangon waɗannan faya-fayai. Al'adar masu jaz ce su rubuta sunan kowane makaɗi da ranar da aka ɗauki kiɗan, shi ya sa bayan fiye da shekara 60 muna iya cewa ga wanda ya kaɗa, ga ranar da ya kaɗa. Mu kuwa kaset-kaset ɗin da muka saya a kasuwa sunan jagora kawai suke ɗauke da shi. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma waɗanda za su iya gaya mana wa ya riƙe kalangu a waƙa kaza kullum raguwa suke yi.

Don haka muna ba da shawara biyu. Ɗalibi ya saurari waɗannan faya-fayai, sannan ya koma kan "Bakandamiya" ya ji abin da kalangu ke faɗa tsakanin ɗa da ɗa. Sashe kuma ya wajabta wa duk mai rubuta kundi kan waƙar baka ya nemo sunayen makaɗa da 'yan amshi da shekarar ɗauka, tun masu sanin suna raye.