Kyamara Ba Ta Cewa "An Ce": Masu Kallon Fim Ɗin Sayyidina Umar a Fagge da Sabon Gari

 

A ranar Lahadi, 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a gidan siliman El-Duniya da ke wajen ganuwar Kano, mutum 331 suka rasa rayukansu. Ba a jima ba magana ta game gari cewa fim ɗin da ake nunawa yana ɗauke da hoton Manzon Allah (SAW), don haka azaba ta sauka. Binciken hukuma ya danganta gobarar ga faifan fim mai saurin kama wuta, amma jita-jitar ta nuna abin da ke ran Kanawa tun wancan zamani: ba abin da suke tsoro daga majigi kamar ya taɓa alfarmar Annabi da mutanensa. A wajen birni silima ta fara samun masauki, Rex a Sabon Gari tun 1937, daga baya Plaza a Fagge, kuma da aka zo gina Palace a cikin birni sai da malamai suka ja da al'amarin.

A waɗannan unguwanni biyu ne dai na shafe shekaru ina sauraren abin da mutane ke cewa game da fim mai dogon zango na tarihin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA). Tashar MBC da gidan talabijin na Qatar ne suka shirya shi, aka fara haska shi a azumin 1433 (2012). Walid Saif ne ya rubuta labarin, marigayi Hatim Ali ɗan ƙasar Siriya ya ba da umarni, Samir Isma'il ya fito a matsayin Umar, Gassan Mas'ud kuma a matsayin Sayyidina Abubakar (RA). Ba ta ƙofar silima ya shigo mana ba. Ta tauraron ɗan'adam ya fara zuwa, sannan ta faifai, sannan ta hannun masu tura fina-finai a waya, har aka ɗora masa muryar Hausa. Yau a Kantin Kwari ko a shagunan waya na titin Beirut za ka iske saurayi ya jingina wayarsa a jikin buta, mutum huɗu ko biyar sun kewaye ta suna kallon yaƙin Yarmuk.

Saɓanin malamai a kan halaccinsa sananne ne, ba zan tsawaita ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta jaddada a ƙarshen 2010 cewa haramun ne a kwaikwayi annabawa da sahabbai, kuma Azhar da babban muftin Saudiyya na wancan lokaci, Shehu Abdul'aziz Ali Shaikh, sun yi inkarin wannan fim musamman. A ɗaya ɓangaren akwai kwamitin da ya duba rubutun, cikinsa har da Shehu Yusuf Ƙardawi da Salman Auda da Ali Sallabi da masanin tarihi Akram Liya'ul Umari. Duk muhawarar ta tattara ne a kan fuska: shin ya halatta wani mutum ya ari surar sahabi? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai abin da na ji daga bakin masu kallo ya nuna mini wata matsala da fatawar halas da haram ba ta taɓa ba, wato fim ɗin ya zame musu littafin madogara. Sun daina cewa "na gani a fim", sun koma cewa "ai haka aka yi".

Ɗalibin hadisi ya san bambancin sigar yankewa da sigar tamrili. Idan malami ya ce "ya faɗa" ko "ya aikata", ya ɗauki alhakin ingancin labarin. Idan ya ce "an ruwaito" ko "an ce", ya sanar da kai cewa akwai abin dubawa. Da wannan ɗan bambanci magabata suka tsare amana. Kyamara kuwa ba ta da sigar tamrili. Duk abin da ta nuna, da sigar yankewa take nuna shi: ga mutumin, ga tufafinsa, ga abin da ya fito daga bakinsa. Ba ta iya kawo ruwaya biyu ta ajiye su gefe da gefe ta ce Allah ne Mafi sani.

A ɗauki musuluntar Umar. Ibnu Ishaƙ ya kawo labarin da kowa ya sani, na zuwansa gidan 'yar'uwarsa Faɗima da mijinta Sa'idu ɗan Zaidu, da ɓuyar Habbabu, da karanta farkon suratu Ɗaha. Amma bai tsaya nan ba, ya kawo wata ruwaya ta hanyar Aɗa'u da Mujahid, cewa da dare ne Umar ya iske Annabi (SAW) yana salla a Ka'aba, ya laɓe yana sauraren karatunsa har zuciyarsa ta yi laushi. Daga nan Ibnu Ishaƙ ya mayar da sanin wadda ta faru ga Allah. Fim ɗin dole ya tsayar da yadda abin ya gudana, ya kuma tsayar, da jini a fuskar Faɗima da hawaye da komai. Na taɓa kawo ruwaya ta biyu a wani zaman karatu bayan magariba a Fagge, sai wani ɗalibi mai hazaƙa ya gyara mini cikin ladabi, yana mai nuna cewa wataƙila na manta ne, domin shi ya ga yadda abin ya faru. Bai yi nufin rashin kunya ba. Idonsa ya ba shi yaƙinin da Ibnu Ishaƙ kansa bai yi iƙirarin samu ba.

Haka siffar jikinsa. Masu tarjama sun haɗu a kan cewa dogo ne, mai sanƙo, mai aiki da hannu biyu. A kan launinsa kuwa sun saɓa. Abu Raja'il Uɗaridi ya siffanta shi da fari mai surkin ja, Zirru ɗan Hubaishu kuma ya siffanta shi da duhun fata. Waƙidi ya yi ƙoƙarin haɗa su da cewa cin man zaitun a shekarar fari ta Ramada ne ya sauya masa launi, amma Ibnu Abdil Barri a cikin Al-Isti'ab ya yi watsi da wannan bayani. Wannan saɓani ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke tasowa a Kano, wanda fina-finan Indiya da tallan man shafawa suka riga suka koya masa cewa fari shi ne kyau da daraja. Fim ɗin ya rufe ƙofar saɓanin da fuskar wani farin Basiriye. Yanzu akwai masu ɗora hoton jarumin a wayoyinsu su rubuta "Allah Ya ƙara masa yarda" a ƙarƙashi, kamar yadda aka yi da hoton Musɗafa Zamani bayan fim ɗin Annabi Yusuf (AS) na Iran ya shigo gari. A nan dole a yarda cewa masu hanawa sun hango wani abu. Gassan Mas'ud, kafin ya fito a matsayin Siddiƙu, ya fito a matsayin shugaban 'yan fashin teku a wani fim ɗin Amurka na 2007, kuma Samir Isma'il ya ci gaba da fitowa a fina-finan soyayya. Fuska ɗaya ce, mai kallo kuma ba ya iya goge ta.

Akwai kuma abin da marubuci ya ƙaga da kansa. Labarin Wahshi, makashin Hamza (RA), yana cikin Sahihul Buhari daga bakinsa, bai wuce shafi ɗaya ba. Fim ɗin ya shimfiɗa masa doguwar rayuwa, da zantuka a kan bauta da 'yanci, da auna shi da Bilal (RA). Ta fuskar adabi wannan yana cikin mafi kyawun abin da Walid Saif ya rubuta, ni ma ya taɓa ni. Amma ba wata alama a allon da ke raba jumlar da ta zo da isnadi da wadda ta zo daga alƙalamin marubuci. Da aka zo fassara kuma sai tabarmar ta ƙara faɗi. Larabcin fim ɗin tsantsar fasaha ne, mai ɗora murya kuwa yana tseren daidaita magana da motsin leɓe, ya taƙaita nan, ya ƙara can, wani lokaci da irin salon da aka saba ji a fassarar fina-finan Indiya. Abin da ya isa kunnen mai sayar da atamfa a Kwari ya bi ta hannu uku, kuma duk da sunan Umar yake karɓarsa.

Zalunci ne in tsaya a nan. Na ga dattijon da bai taɓa taka silima ba yana share hawaye a fitowar da Abu Lu'ulu'a, bawan Mugira ɗan Shu'uba, ya soki Umar a sallar asuba a Zulhajjin shekara ta 23. Na ga samarin da ba su san sunan Musanna ɗan Harisa ko Abu Jandal ba, yanzu suna tambayar littafin da za su karanta a kansu. Fitowar da ta fi yawo a wayoyi ita ce ta halifa yana zaga gari da dare, yana ɗaukar buhun gari a bayansa zuwa ga matar da 'ya'yanta ke kukan yunwa, kuma ba a kallonta a majalisar mai shayi ba tare da an ambaci masu mulkin yau ba. Wannan amfani da tarihi ba baƙo ba ne a wurinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rufe Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya kammala a 1806, da babuka a kan halayen Annabi (SAW) da halifofinsa huɗu, don su zama ma'aunin shugabanni. Idan talaka ya sami ma'auninsa a waya, laifin waɗanda ba su kai masa shi a karatu ba ya fi na wayar.

A Sabon Gari abin ya ɗauki wata kama. Can Musulmi da Kirista suke kasuwa ɗaya, kuma iyakar unguwar da Fagge ta sha ganin jini, a 1953 da 1991 da 2004. Abin da samari Musulmi suka fi nuna wa abokan cinikinsu Kiristoci shi ne shigar Umar Baitil Muƙaddas da amanar da ya bai wa mutanen birnin a hannun babban limaminsu Safroniyus, sai su bi da labarin ƙin yin salla a cikin coci don kada Musulmi su ƙwace shi daga baya. Niyyar kyakkyawa ce, na kuma shaida ta sanyaya zance fiye da sau ɗaya. Amma ɗalibin ilimi ya kamata ya san cewa nassin amanar da ya shahara Ɗabari ya kawo shi ne ta hanyar Saifu ɗan Umar, wanda malaman hadisi suka raunana, kuma labarin cocin an fi saninsa ne daga tarihin Sa'idu ɗan Biɗriƙ, shugaban wata cocin Iskandariyya da ya rasu a 940 Miladiyya, ƙarni uku bayan aukuwar abin. Wannan ba ya nufin ƙarya ne, kuma abin sha'awa ne a ce Kirista ne ya adana wa Umar wannan yabo. Abin da nake tsoro shi ne mu jingina kyautata wa maƙwabci a kan fitowar fim, alhali muna da aya ta 8 a suratul Mumtahana, da wasiyyar Umar kansa a kan ahlul zimma yana kan gadon mutuwa, wadda Buhari ya ruwaito. Wanda ya gina a kan fim, ranar da wani fim ya nuna masa akasin haka zai rushe.

Kafin mu ɗora wa kyamara laifi duka, mu dubi mumbarinmu. Sau nawa aka ji mai wa'azi yana ba da labarin Umar ya binne 'yarsa da rai a jahiliyya, tana kakkaɓe masa ƙasa daga gemu, jama'a suna kuka? Wannan labari da wannan siga ba shi da isnadin da za a dogara da shi, ga kuma Hafsa (RA), wadda aka haifa kafin aike, ta rayu har ta zama uwar muminai. Mu ne muka fara sabar wa mutane da jin ƙissa ba tare da "an ce" ba. Fim ya zo ya iske kunnuwa a shirye.

Abin da na gwada da ɗalibaina shi ne in bar su su kawo fitowar da ta fi burge su, su faɗe ta da bakinsu, sannan mu buɗe Ibnu Hisham ko Ɗabaƙat na Ibnu Sa'ad mu raba ta gida uku: abin da ya inganta, abin da aka ruwaito da rauni, da abin da marubuci ya ƙara. Malamin da yake ganin haramcin kallon ma zai iya yin wannan ba tare da ya kunna komai ba, domin ɗalibansa sun riga sun kalla. Buɗewar fim ɗin, inda Umar a hajjinsa na ƙarshe ya tsaya a Dajnan yana tuna kiwon raƙuman mahaifinsa, mun same ta a Ibnu Sa'ad, ɗalibai suka yi murna kamar sun tsinci kuɗi. Wasu fitowar kuwa mun neme su mun rasa.

Zamanin Umar ma da sauƙi, domin mafi yawansa ba wurin jayayya ba ne tsakanin Ahlus Sunna. A azumin 2025 MBC ta haska fim ɗin Mu'awiya (RA), wanda aka hana nunawa a Iraƙi, Azhar kuma ta sake yin inkari. Wannan ya ratsa kisan Usman (RA) da Siffin da tahkimi, inda shahararren labarin yaudarar da aka ce Amru ɗan Asi ya yi wa Abu Musa ya zo ta hanyar Abu Mihnaf, kuma alƙali Ibnul Arabi ya ƙaryata shi a cikin Al-Awasim. A garin da Sunna da Shi'a ke zaune layi ɗaya, kowace ruwaya darakta ya zaɓa a nan, akwai wanda zai yanko ta daƙiƙa talatin ya tura wa maƙwabcinsa a matsayin hujja.