Jinjina ga Kulob ɗin Interact na 'Yan Sakandare

Interact reshe ne na matasa da ƙungiyar Rotary ta kafa domin yara masu shekara 12 zuwa 18. Kulob na farko ya tsiro ne a 1962, a wata makarantar sakandare da ke Melbourne ta jihar Fulorida a Amurka, daga nan ya bazu ƙasashen duniya.

Tsarinsa ba shi da wuya. Ɗalibai ke zaɓen shugabanninsu, su riƙe asusu, su tsara aiki, kulob ɗin Rotary na yankin kuma ya tsaya musu a matsayin uba. Duk shekara ana son su yi ayyuka biyu aƙalla: ɗaya na amfanin makaranta ko unguwa, ɗaya na fahimtar juna tsakanin ƙasashe. Hikimar tana nan, domin yaron da ya riƙe shebur ya yashe kwatar unguwarsu ba ya buƙatar dogon bayani kan ambaliya.

Aikin da ya fi cancantar yabo shi ne yaƙi da shan-inna, wanda Rotary ta shiga gadan-gadan tun 1985. A makarantu da dama ɗalibai kan kafa tebur, wanda ya ba da gudummawa a shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, irin alamar da ake sa wa yaron da aka ɗiga wa rigakafi. Iyaye mata a Kano da Borno sun san wannan tawada sarai. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.