Sufin cikin littafi ba shi ne sufin zawiya ba

Wani yayi ya shigo ƙagaggun labarai na wannan zamani, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Marubuci zai ɗauko sufi ya mai da shi ɗan soyayya zalla, wanda ya wuce matakin salla da azumi, sannan ya ɗauko malamin fiƙihu ya ɗaure masa fuska, ya ba shi bulala. Shi ke nan, an samu jarumi da mugu.

Littafin Elif Shafak, The Forty Rules of Love, wanda ya fito da Turkanci a 2009, shi ne ya fi kowanne yaɗa wannan hoton. Ta gina shi a kan haɗuwar Jalaluddin Rumi da Shamsu na Tabriz a Konya a 1244, kuma ba na musun daɗin alƙalaminta. Sai dai mai karatu zai rufe littafin yana ɗaukan shari'a a matsayin ƙaya a hanyar masoya Allah. Alhali Rumi malamin fiƙihun Hanafiyya ne, ya karantar, ya ba da fatawa, kuma Masnawinsa cike yake da ayoyi da hadisai.

Mu a nan bai kamata a sayar mana da wannan hajar ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, kuma shi ne ya jagoranci jihadin 1804 don tsayar da shari'a a kan mazhabar Malikiyya. Wuridi da fiƙihu a zaure ɗaya aka koye su. Ko saɓanin Izala da 'yan ɗariƙa, tun kafuwar ƙungiyar a Jos a 1978, gardama ce a kan abin da yake sunna da abin da yake bidi'a, kowane ɓangare da littattafansa a hannu.

Leila Aboulela, 'yar Sudan, ta fi adalci. A The Kindness of Enemies na 2015 ta kawo Imam Shamil, muridin Naƙshabandiyya da ya yaƙi Rasha a Dagistan har 1859. Ga zikiri, ga takobi, ga hukunci, duk a jikin mutum guda, kuma ba ta sauƙaƙa wa mai karatu ba.

Marubutanmu masu son taɓa wannan fage, don Allah ku zauna da masu wazifa, ku saurari masu sukarsu, ku karanta abin da kowannensu ya dogara da shi kafin ku ɗauki alƙalami.