Kyautar Hannu a Islamiyyar Matan Aure

Duk wadda ta zauna a Islamiyyar matan aure, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, ta san yadda ake karɓar baƙuwa. Makon farko gaisuwa ce da matsa mata wuri a tabarma. Kafin wata ya cika, wata 'yar ajin za ta tare ta bayan an tashi, ta miƙo mata ƙullin leda: turaren wuta da ta haɗa da kanta, ko kwalbar humra, ko jakar Alƙur'ani da ta ɗinka da ragowar atamfa, ko hular ulu don goyon da ke bayan baƙuwar. "Ga wannan, ba yawa, ni na yi." Ita kuma ta ce, "Har da ɗawainiya? Allah ya bar zumunci." Ƙawance ya ƙullu ke nan.

Musayar kyauta tsakanin ƙawaye tsohuwar al'ada ce. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mata ke ƙulla ƙawance da kyauta. Amma mafi yawan abin da ke gudana tsakanin ƙawaye biki ne, biki kuwa lissafi ne. Kin kawo mini dubu biyu ranar suna, ni zan kai miki huɗu ranar auren 'yarki, wata ma har littafi gare ta. Ba aibu ba ne, tallafi ne da ya riƙe gidaje da yawa. Sai dai mai ƙaramin ƙarfi kan ji tsoron sabuwar ƙawa kamar yadda take tsoron sabon bashi.

Abin da mace ta yi da hannunta ba ya shiga wannan littafi, domin ba shi da farashin da za a ninka. Wa zai ƙiyasta daren da aka raba ana saƙa, ko kwanakin da itacen turare ya yi yana tsumuwa? Matar ɗan kasuwa da matar mai gadi kafaɗa da kafaɗa suke zama gaban malama, kuma ta wannan hanya ce ta biyun ke iya ba ta farkon wani abu ba tare da ta ji kunya ba. A ganina, shi ya sa kyautar hannu ta fi kowace dacewa da zumuncin da aka ce don Allah ake yin sa.

Malamai sun fi yawan jawo hadisin da ke cikin Al-Adabul Mufrad, mai kwaɗaitar da musayar kyauta don a so juna. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne na Sahlu ɗan Sa'ad a Sahihul Bukhari: wata mata ta saƙa mayafi da hannunta ta kawo wa Annabi (SAW), ya karɓa yana bukatarsa, ya fito yana ɗaure da shi. Ladabin mai karɓa yana nan ciki. Ana son a ga kayan a jikinka. Wadda aka ɗinka wa jaka ta jefa ta ƙasan akwati, gobe ta zo aji da ta kanti, ta yi magana ko da bakinta bai buɗe ba.

A ƙasar Sakkwato ma akwai tushe. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, takan naɗa jajin 'yan taru, wato jagorar mata masu neman ilimi, da malfa, saƙar hannu, matan ƙauyuka kuma su zo mata da abin da suka noma ko suka sarrafa.

Abu biyu ke damun al'adar a yau. Na farko zargi. Turare da abinci su ne aka fi dangantawa da sammu, don haka wata takan karɓa da fara'a, ta isa gida ta zuba a shara, musamman idan mai kyautar ta san kishiyarta. Na biyu ya fi yaɗuwa, wato talla. Tunda aka koya wa mata haɗa sabulu da man shafawa, wani ƙullin ɗanɗano ne kawai. Kwana biyu sai saƙo ya shigo ta WhatsApp da jerin farashi. Neman halal ne, babu mai hana shi. Amma baƙuwar da ta ɗauka ƙawa ta samu, ta wayi gari ashe kwastoma aka yi da ita, da wuya ta sake sakin jiki da ƙullin kowa.

Malaman ajin ne za su iya gyara wannan. Mai sayarwa ta faɗa tun farko cewa na sayarwa ne. Wadda aka ba kyauta kuma kada ta gaggauta cusa wa mai kyautar kuɗi da sunan tukwici. Ta yi addu'a, ta yi amfani da kayan, idan ta iya cincin ko dambun nama ta yi nata a lokacin da ta samu hali.